Kiɗa ɗaya, hannu daban-daban

Jiya da daddare mu 'yan koyon piyano muka yi ta tura wa juna abin da kowa ya ɗauka a waya. Kiɗan ɗaya ne, Nocturne (kiɗan dare) na biyu cikin Opus 9, wato kundin aiki na tara, na Chopin, mai tsara kiɗan nan ɗan Poland da ya rasu a Paris a 1849. Amma kowa da irin takunsa.

Wata 'yar'uwa ta ja shi, ta ja shi, har na kusa cewa, "Hajiya, a daure a ƙarasa mana." Wani malamin lissafi kuwa ya bi ƙidayar tamkar agogon bango. Kuskure babu ko ɗaya, gishiri ma babu.

Nan gardama ta kaure kan rubato, wato salon ɗan ja ko ɗan gaggauta lokacin kiɗa. Ɗaliban Chopin sun ruwaito cewa hannun hagu ne ke riƙe lokaci daram, na dama kuma ya ɗan yi jinkiri ko ya ɗan yi gaba. Yawancinmu hannu biyun muke saki su yi ta tangaɗi tare.

Ni dai na wani yaro ya fi burge ni. Ƙaramar kibod ce da shi, ko fedar da ake takawa don jan sauti babu, amma hagunsa ko gezau. Mako mai zuwa kiɗan Schumann, wani mai tsara kiɗa ɗan Jamus, za mu taɓa, in Allah ya kai mu.