Ɗauko kundin bayanai daga babbar kwamfuta zuwa ta kan tebur

A Katsina ba kasafai mutum zai ga babbar kwamfutar nan da ake kira menfirem da idonsa ba, wato irin wadda manyan bankunan duniya da kamfanonin inshora da na jiragen sama suke ɗora lissafinsu a kanta, amma abin da ke fitowa daga cikinta yana iya riskar mu a nan inda muke zaune. Matashin da ya karanci ilimin kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a Kwalejin Hassan Usman, ya kuma samu aiki ta intanet da wani kamfani na waje, ko aka ɗauke shi aikin binciken kuɗi, wata rana za a iya miƙo masa kundin bayanai a ce daga irin wannan na'ura ya fito, a nemi ya buɗe shi a kwamfutarsa ya fitar da rahoto. Ina yin irin wannan aiki, kuma abin da na gani shi ne saukar da fayil ɗin shi ne ɓangare mafi sauƙi. Inda gumi yake shi ne tabbatar da cewa adadin da ya baro can shi ne ya iso nan, ba tare da kwabo ya canza a hanya ba.

Tushen matsalar tsoho ne. A watan Afrilun 1964 kamfanin IBM ya fito da jerin kwamfutocin System/360, kuma daga wannan zuriya ce na'urorin yau suka fito, irin su z16 da aka ƙaddamar a 2022, masu aiki da manhajar z/OS. Kamfanin ya riƙe manufar cewa shirin da aka rubuta shekaru da dama da suka wuce zai ci gaba da aiki a kan sabuwar na'ura, kuma wannan ne ya sa har yanzu ake adana bayanai da tsarin da aka ƙirƙira tun zamanin katin da ake hudawa. Ni ban ga laifin wannan ba, domin bankin da ke riƙe da ajiyar jama'a yana da hujjar ƙin taɓa abin da ke aiki daidai. Sai dai nauyin fahimtar tsarin ya faɗo kan wanda zai ɗauko bayanan.

Bambanci na farko yana cikin haruffa. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma kowane harafi yana da lambar da aka ba shi a wani jadawali. Babbar kwamfuta tana amfani da jadawalin EBCDIC, ta kan tebur kuwa ta gaji ASCII, wanda UTF-8 na yau ya ɗora a kansa. Babban harafin A lambarsa 193 a na farko, 65 a na biyu. Sifiri 240 ne a can, 48 a nan. Tazarar da ake bari tsakanin kalmomi 64 ce a EBCDIC, alhali a ASCII 64 ita ce alamar @ ta adireshin imel. Shi ya sa wani matashi da muke aiki tare a wajen Ƙofar Ƙaura ya taɓa juyo mini da fuskar kwamfutarsa ya ce, "Yaya, wannan fayil ya lalace, babu komai a ciki sai alamar imel." Na ce masa, "Ƙanena, wannan da kake gani shi ne shaidar cewa lafiyarsa lau, domin ya iso yadda yake, ba wanda ya taɓa shi."

EBCDIC ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai jadawali mai lamba 037 na Amurka da Kanada, akwai 285 na Ingila, akwai 500, akwai kuma 1047. Haruffan boko na yau da kullum da lambobi suna wuri guda a cikinsu duka, amma wasu alamomi suna sauya mazauni, har ma gurbin da alamar dala take a 037 alamar fam ce a 285. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, babu su a ko ɗaya daga cikin waɗannan huɗu, don haka sunan da ya shiga a matsayin Danladi haka zai fito, kuma babu wata juyawa da za ta dawo masa da lanƙwasarsa. Wanda zai daidaita sunayen da wani jeri da aka rubuta da ingantacciyar Hausa sai ya yi la'akari da haka tun farko.

Bambanci na biyu shi ne yadda ake raba layuka. A kwamfutar tebur kowane layi yana ƙarewa da wata ɓoyayyiyar alama. A babbar kwamfuta yawancin kundaye ba su da wannan alama ko kaɗan, domin na'urar tana ajiye tsawon layin a wani wuri daban, wajen bayanan. Idan an ce tsarin kundi FB ne mai tsawon 80, ana nufin kowane layi bayit 80 ne cif (bayit shi ne gurbin da harafi guda ke ci a na'urar), adadin da aka gada daga katin IBM mai gurabe 80 na 1928. Idan kuwa VB ne, layukan suna da tsawo mabambanta, kuma kowanne yana ɗauke da bayit huɗu a gabansa da ke faɗin tsawonsa. A nan akwai tarko: idan aka ɗauko kundin VB a ɗanyensa ta FTP, wato hanyar tura fayil tsakanin kwamfutoci, waɗannan bayit huɗu suna zubewa, layukan su manne da juna babu mai sanin inda ɗaya ya ƙare, sai fa idan an ba da umarnin quote site rdw kafin a fara saukarwa.

Bambanci na uku shi ne wanda na fi jin tsoro, kuma a kansa nake so mai karatu ya tsaya. FTP yana da hanyoyi biyu, ta umarnin ascii wadda take juya kowane bayit daga jadawalin can zuwa na nan, da ta umarnin binary wadda take kawo shi ɗanye. Mutum zai ɗauka ta farko ce mafita, tunda ga sunaye sun fito ana karantawa. Haka ne idan kundin rubutu ne zalla. Amma shirye-shiryen COBOL, harshen da aka ƙirƙiro a 1959 wanda yawancin lissafin kuɗi a waɗannan na'urori aka rubuta da shi, suna adana kuɗi a matse, a tsarin da ake kira COMP-3. A wannan tsari kowane bayit yana ɗaukar alƙaluma biyu, rabin bayit na ƙarshe kuma yana nuna ko kuɗin shiga ne ko na fita, C ga mai ƙari, D ga mai ragi. Naira 12,345.67 a gurbi mai alƙaluma tara za ta zauna cikin bayit biyar kamar haka, idan aka rubuta kowane bayit da alamomi biyu a ƙirgen sha shida (0 zuwa 9, sannan A zuwa F): 00 12 34 56 7C. Babu ɗigon da ke raba naira da kwabo, shirin ne kaɗai ya san cewa alƙaluma biyu na ƙarshe kwabbai ne.

To, idan aka bi da wannan ta hanyar juya haruffa, na'urar ba ta san cewa kuɗi ne ba. Za ta ga 7C, wanda a jadawalin 037 alamar @ ce, ta mayar da shi 40, wato 64 ɗin nan ta ASCII a ƙirgen sha shida, ta haka bakwai ta koma huɗu, alamar ƙari kuma ta ɓace. Naira 250.00 kuwa tana ɗauke da bayit 25 a tsakiyarta, wanda a jadawalin yake nufin a sauka sabon layi, sai layin mutum guda ya tsage gida biyu a daidai kan kuɗinsa. Lamarin ya yi kama da a ba mutum tsohuwar takardar ajami ya mayar da ita boko, ya zo kan hatimin da aka zana a tsakiyar shafi, maimakon ya kwafe shi yadda yake sai ya karanta layukan zanen a matsayin haruffa. Abin da ya sa nake ɗaukar wannan da muhimmanci shi ne babu wani gargaɗi da zai bayyana. Saukarwa za ta kammala, sunaye za su fito tsaf, kuma kowane layi a cikin wannan kundi albashin wani ne, ko fanshonsa, ko bashin da ake binsa. Ko a tsarin da ba a matse ba, alamar ragi tana hawa kan alƙalami na ƙarshe, ta yadda ragin 123 zai bayyana a matsayin 12L, wanda bai sani ba ya ɗauka kuskuren bugu ne ya share.

Saboda haka ba na karɓar kundi shi kaɗai. Abu na farko da nake nema shi ne takardar tsarin gurabe, wadda masu COBOL ke kira kofibuk, domin ita ce ke faɗin cewa daga bayit na kaza zuwa na kaza suna ne, daga nan zuwa can kuɗi ne a matse, ga kuma yawan alƙaluman kwabo. Idan babu ita, duk abin da mutum zai yi kirdado ne. Idan tana hannu, hanyoyi biyu ne masu kyau. Ta farko, wadda na fi so, ita ce a roƙi ma'aikacin da ke kula da babbar kwamfutar ya warware lambobin tun a can, da manhajar jera bayanai ta DFSORT ko da ɗan gajeren shiri, ya fitar da kundi na rubutu zalla mai ɗauke da ɗigo da alamar ragi a fili, sannan a juya shi ba fargaba. Na fi son ta ne domin an yi aikin a inda aka fi sanin bayanan. Ta biyu ita ce a ɗauko shi ɗanye, a yanka shi bisa tsawon layi, a juya gurbin rubutu kaɗai, a warware na kuɗi daban. Harshen Python yana zuwa da jadawalin cp037 da cp500 a cikinsa, warware COMP-3 kuwa ɗan gajeren shiri ne. A dai tuna cewa gurbin lamba da aka rubuta COMP kawai a kofibuk yana fara ajiye bayit mafi girman daraja ne, saɓanin yadda na'urorin Intel suke yi.

Sauran nau'o'in kundi ba sa buƙatar dogon bayani. Kundin VSAM, wanda aka tsara don a riƙa zaƙulo layi kai tsaye, ba a ɗauko shi yadda yake, sai an kwafe shi zuwa kundi miƙaƙƙe da umarnin REPRO na manhajar IDCAMS. Kundin PDS, wanda ke ƙunshe da ƙananan sassa masu suna da bai wuce haruffa takwas ba, ana iya ɗaure shi da umarnin XMIT ya zama dunƙule guda mai layuka masu tsawon bayit 80, amma dole a ɗauko dunƙulen ɗanye. Ga ƙaramin fayil shirin saukarwa na IND$FILE ya wadatar, ta cikin manhajar da ke kwaikwayon allon babbar kwamfuta mai suna 3270, akwai kuma Zowe da ya fito a 2018 ga masu son kayan aiki na zamani.

Bayan fayil ya sauka sai tantancewa, kuma a garinmu, inda wuta kan ɗauke kuma layin intanet kan yanke ana tsakiyar aiki, wannan wajibi ne. Idan kundin FB ne kuma ɗanye ya zo, girmansa dole ya zama yawan layuka sau tsawon layi, ba ƙari ba ragi. Nakan nemi a aiko mini da yawan layuka da jimillar kowane gurbin kuɗi kamar yadda babbar kwamfutar ta lissafa, in sake tarawa a nan, in ga sun yi daidai har kan kwabo. Nakan kuma zaɓi wasu layuka, musamman masu ragi da masu adadi mafi girma, a duba mini su a allon can. Jerin ma yana iya ruɗar mutum, domin a EBCDIC haruffa suna gaban lambobi, a ASCII kuwa lambobi ne a gaba, ta yadda kundi guda zai jeru iri biyu ba tare da komai ya ɓace ba.

Ko an tsallake duk wannan, Excel yana jira a ƙarshen hanya. Shafinsa ba ya ɗaukar fiye da layuka 1,048,576, kundin babbar ma'aikata kuwa yana iya wuce haka. Yana cire sifirin farko, wanda ke nufin lambar asusun banki mai alƙaluma goma da ta fara da sifiri za ta koma tara, haka ma lambar waya. Duk lambar da ta wuce alƙaluma 15 yana mayar da ragowar sifiri. Maganin shi ne a shigo da irin waɗannan gurabe a matsayin rubutu, ko ma a zuba bayanan cikin rumbu irin SQLite tukuna. Kwanan wata shi ma yana da nasa. Tsofaffin kundaye sukan rubuta shekara da alƙaluma biyu, su bi ta da lambar rana a cikin shekarar, ta yadda 24060 ke nufin 29 ga Fabrairun 2024, kuma dattijon da aka haifa a 1928 Excel zai iya mayar da haihuwarsa 2028 idan aka bar masa hukuncin ƙarni.

Akwai kuma batun amana. A babbar kwamfuta manhaja irin RACF tana tsare kowane kundi, tana iyakance wanda zai buɗe shi, tana kuma iya ajiye tarihin wanda ya taɓa shi. Da zarar ya sauka a kwamfutar tafi-da-gidanka duk wannan tsaro ya tsaya a can, ya zama fayil da za a iya kwafa a filash a jefa aljihu a hau babur da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin kiyayewa a kan masu sarrafa irin waɗannan bayanai. Don haka nakan roƙi a cire duk gurbin da aikin ba ya buƙata tun kafin a aiko, musamman lambar BVN da adireshin gida, in nemi a bi ta hanya mai kulle kamar FTPS ko SFTP tunda FTP na asali yana aika kalmar sirri a fili, in ajiye fayil ɗin a faifai mai kulle, ba na kuma kai kwamfutar wajen mai gyara yana ciki. Idan an karɓi rahoto, nakan rubuta wa mai bayanan in tambaye shi ko in goge ɗanyen kundin ko in riƙe shi zuwa wani lokaci da zai ƙayyade, in kuma ajiye amsarsa a rubuce.