Masu farautar tsofaffin littattafai a Italiya

Sau da yawa nakan ji ana cewa farfaɗowar ilimin Girkawa da Rumawa a Turai ta fara ne a 1453, lokacin da Daular Usmaniyya ta ci birnin Kustantiniya, malaman Girka suka tsere Italiya da littattafansu. Ni dai wannan bayani bai gamsar da ni ba, domin kafin wannan shekarar an kwashe fiye da shekara ɗari ana wannan aiki.

A 1345 mawaƙin nan na Italiya, Petrarca, yana bincike a ɗakin ajiyar littattafan babban cocin Verona, ya ci karo da wasiƙun da Cicero, shahararren marubucin Rumawan dā, ya rubuta wa amininsa Atticus, ya zauna ya kwafe su da hannunsa. Abin da ya gani ya girgiza shi, domin mutumin da ya ɗauka malami ne natsattse sai ga shi ɗan siyasa mai fushi, mai tsoro, mai sauya ra'ayi. Daga nan aka fara karanta magabata a matsayin mutanen da suka rayu a zamaninsu, har Petrarca ya rubuta wa Cicero wasiƙa yana yi masa faɗa kamar yana raye.

Girkanci shi ne babban gibin da ya rage. Petrarca kansa ya mallaki kwafin waƙoƙin Homer, mawaƙin Girkawan dā, amma bai iya karanta su ba. Sai daga baya Coluccio Salutati, sakataren gwamnatin Florence, ya sa aka gayyato Manuel Chrysoloras daga Kustantiniya, ya fara koyar da harshen a 1397. Bayan haka Poggio Bracciolini ya riƙa bin gidajen sufayen Kirista, inda a 1417 ya tono waƙar Lucretius, mawaƙin Rumawan dā, wadda ta ɓace shekaru aru-aru.

Ya kamata a tuna cewa falsafar Aristotal ta riga ta shiga jami'o'in Turai tun ƙarni na 12 da na 13, wani ɓangarenta ta hanyar fassarorin da aka yi daga Larabci a Toledo, tare da sharhin Ibn Rushd. Abin da waɗannan mutanen Italiya suka nema daban ne: nahawu, balaga, waƙa, tarihi da ilimin ɗabi'a, daga asalin nassi kai tsaye. Da wannan ƙwarewar harshe ne Lorenzo Valla ya nuna a 1440 cewa takardar da ake cewa Sarki Konstantin ya ba Paparoma mulkin Yamma jabu ce, domin Latin ɗinta bai dace da ƙarni na 4, zamanin wannan sarki, ba.