Tarihin Rayuwata, Kashi na Huɗu: Ranar da Kawu Ya Miƙa Mini Sanda

A makon jiya na tsaya ne a kan dawowata gida kwarin Rhondda da ke kudancin Wales, bayan na kammala karatun waƙa a birnin Kadif. Ban daɗe da dawowa ba, a watan Maris na 1984, ma'aikatan haƙar kwal suka tsunduma yajin aikin da ya shafe shekara guda cur, kuma mafi yawan mazajen da ke ƙungiyar mawaƙan majami'armu suna cikinsu. Albashi ya tsaya, tukunya ta yi sanyi a gidaje da dama, amma ba a taɓa fasa atisaye ba, domin da waƙar muke yawo gari-gari muna tara wa iyalai abin sawa a baka.

Jagoranmu dattijo ne, aminin mahaifina, shi ya sa nake kiransa Kawu. Ƙurar kwal ta riga ta cinye masa huhu, har ya zamana ba ya iya hawa matakala uku sai ya dafa bango. Wani dare yana tsaka da kaɗa hannu tari ya sarƙe shi, ya zauna, ya yafito ni, ya danƙa mini sandarsa ta jagorantar mawaƙa.

Na ɗaga hannu kamar yadda aka koya mini, na ja baiti mai tsawo ba tare da hutu ba, sai na ji masu kaurin murya na sahun baya suna yankewa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya kira ni a hankali ya ce, "Ɗana, ajiye takardar nan, ka dubi kafaɗunsu." Da na duba, sai na ga kafaɗun dattawan suna ɗagawa tun ba a kai rabin baiti ba, domin ƙurar da ta kama shi ba ta bar su ba.

A daren nan ya nuna mini dabararsa, wadda har yau nake ganin ta fi duk abin da na karanta amfani: kowane mutum yana da gaɓar da zai saci numfashi, ba tare da maƙwabcinsa ba, ta yadda mai sauraro zai ji sauti ɗaya miƙaƙƙe. Ya san ƙirjin kowa, ya san wanda zai ajiye kusa da wane.

Da wannan jerin sahu muka fara shirin gasar Aistedfod, babban bikin waƙa da adabi na harshenmu na Welsh da ake yi kowane watan Agusta, kuma daga nan zan ɗora a mako mai zuwa.