Abin da hadda ta kasa koya min a kan ƙarfe da gishiri

Ƙannena 'yan SS1, ni ma na zauna inda kuke zaune, kuma na tafka wautar da nake gudar muku. Da aka fara koya mana ƙarafa da abubuwan da ba ƙarafa ba, sai na mayar da darasin karatun allo. Ƙarfe yana ƙyalli, yana ɗaukar lantarki, in an buga shi ya baje, in an ja shi ya zama waya. Wanda ba ƙarfe ba, akasin haka. Na haddace tsaf, har ina yi wa abokaina bita da ka.

Ranar jarabawa Malam bai tambayi ko ɗaya ba. Cewa ya yi: me ya sa busasshen gishiri ba ya ɗaukar lantarki, amma in ya narke a ruwa sai ya ɗauka? Na rubuta cewa ruwan ne ke ɗauka, gishiri ɗan rakiya ne. Ta biyu a kan bakin fensir ce, me ya sa yake ɗaukar lantarki. Na ce ai dalma ce, tunda da sunanta Turawa ke kiran sa. Takardata ta dawo da sifili biyu da jan biro.

A hutun nan na riƙa zama makerar kawuna ina ja masa zugazugi. Ya zaro jajayen ƙarfe da awartaki, ya ɗora bisa uwar makera, yana dukan sa da masaba yana bajewa har ya fara kama da fartanya. Wani guntun gawayi ya faɗo ƙarƙashin masabar, nan take ya zama gari. Na ce, “Kawu, me ya sa wannan ya baje, wancan ya dagargaje?” Ya ce, “Ƙarfe haƙuri gare shi, ɗana. Ja zugazuginka.” Amsar ba ta ishe ni ba, sai na koma littafin da na haddace ban karanta ba.

Ashe duk maganar a kan elektiron ɗin waje take, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke zagayen ƙarshe na atam, ƙwayar da komai ya ginu da ita. A cikin ƙarfe kowane atam yana sakin nasa, su zama kamar rijiyar unguwa, ta kowa da kowa. In masaba ta sauka, layukan atam su zame a kan juna, elektiron ɗin su bi su, haɗin bai tsinke ba. Su ne ke kai lantarki cikin wayar jan ƙarfe, su ne kuma ke kai zafi har kunnen tukunyar alminiyam ya ƙona ka.

Gishiri kuwa kyauta aka yi tsakanin sodiyam da kulorin, sinadaran da suka haɗa shi. Sodiyam na da elektiron 11, jerin 2, 8, 1 daga zagayen ciki zuwa na waje. Kulorin na da 17, jerin 2, 8, 7. Sodiyam ya miƙa ɗayan nan, ya ɗauki cajin tarawa, kulorin ya ɗauki na ɗebewa, suka riƙe juna gam, har sai zafi ya kai digiri 801 na Celsius kafin gishiri ya narke ba tare da ruwa ba. A bushe ba mai motsi, to wa zai ɗauki lantarkin? Ruwa ne ke raba su, su sami damar yawo. Sukari kuma tarayya atam ɗinsa suka yi a kan elektiron, ko ya narke babu mai caji a ciki.

Bakin fensir ya fi ba ni haushi, don amsar ba wuya. Girafait ne da aka haɗa da yumɓu, shi kuwa girafait kabon ne zalla, ɗan uwan lu'ulu'u, wato daimon. Kabon na da elektiron huɗu a waje. Lu'ulu'u ya ɗaure duka huɗun, shi kuwa girafait uku ya ɗaure ya bar ɗaya sake, shi ya sa yake ɗaukar lantarki alhali ba ƙarfe ba ne. Jerin halayen nan da na haddace ma ashe cike yake da ramuka: zaiba ƙarfe ce amma ruwa-ruwa take, sodiyam kuwa da wuƙa ake yanka shi.

Don haka duk halin da Malam ya rubuta a allo, kafin ku kwafa ku tambaya: elektiron ɗin suna ina, a ɗaure ko a sake? Ku kuma gwada da hannunku. Ku sami batir mai 9V, da ƙaramin ƙwan LED, da waya, da kofi biyu, ɗaya ruwan gishiri ɗaya ruwan sukari. Soket kam ko da wasa kada ku kusance shi da jiƙaƙƙen hannu. Ku haɗa batir da ƙwan da waya, ku bar bakin waya biyu a buɗe, sannan ku tsoma su a kowane kofi ba tare da sun taɓa juna ba, ku ga wanne ƙwan zai fi haske a kansa.