Ranar da Aka Ce In Yi Shiru

Da likita ta ce mu riƙa zuwa mu uku, ni da ɗana da mahaifiyarsa, sai da raina ya sosu. Yaro ne ba shi da lafiya, ni me ya kai ni kujerar majinyaci?

Shekararsa 15 a lokacin. Wata biyu ba ya barci sai dare ya raba, karatu ya taɓarɓare, ƙwallon da yake mutuwar so ya ajiye ta. Kuma ba kuka yake yi ba, faɗa yake, abu kaɗan ya banko ƙofa. Na ɗauka tashen balaga ne. Ashe ciwon damuwa a jikin matashi sau da yawa da saurin fushi yake fitowa. Mahaifiyarsa ce ta ga tabon yanka a hannunsa.

Likitar ta gana da shi shi kaɗai, ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Da ta gaya mana, da saninsa, cewa ya amsa e, nan take na tuhume ta da cusa masa tunanin. Ta ce tambaya ba ta shuka wannan a zuciyar yaro, ƙofar magana take buɗe masa. A ranar muka kulle magunguna da duk abu mai kaifi a gida. Ta ƙara da cewa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Hakan bai sanyaya mini rai ba, nawa ɗan nake gani.

Tsarin da ta bi shi ne wanda Guy Diamond da abokan aikinsa suka gina a Filadelfiya ta Amurka, na ɗinke ɓarakar da ke tsakanin matashi da iyayensa, mako 12 zuwa 16. Ta zauna da shi daban, da mu daban. A namu zaman ta tambaye ni yadda mahaifina ke amsa mini in na kai masa kuka ina yaro. Na buɗe baki, na rasa abin cewa.

Sai ranar haɗuwa. Sharaɗi biyu ta kafa mini: kada in kare kaina, kada in yi nasiha. Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Baba, ranar da na ce maka na gaji da rayuwa, cewa ka yi me na rasa."

Amsa ta cika mini baki: kuɗin makaranta, wayar da na saya masa, wahalar da nake sha. Mahaifiyarsa ta dafa gwiwata. Da ƙyar na ce, "Ina jin ka, ci gaba." Ya yi ta magana har lokaci ya ƙare, kuma rabin abin da ya faɗa ban taɓa sani ba, alhali gida ɗaya muke kwana.

Ba a ranar ya warke ba. An haɗa masa da maganin ciwon damuwa, fuloksetin, wanda sai da ya yi makonni kafin mu ga alamarsa, kuma akwai satin da muka koma gidan jiya. Ni ma har yau nasiha kan suɓuce mini.

Makon da ya wuce ya ce in kai shi filin ƙwallo. Muna tafe a mota babu mai cewa uffan, sai ya miƙa hannu ya rage sautin rediyo, ya ce, "Baba, akwai wata magana."