Ƙwayar suga a bakin mayafin Hajiya

Asabar, bayan isha'i, Ƙofar Ƙaura

Sai yanzu ɗiyata Mama ta yi barci. Har yanzu ina jin cinyoyina ba ƙarfi, amma gara in rubuta tun abin yana sabo a raina.

Da zafi aka tashi, irin na bazarar Katsina da ko iska ta kaɗo sai ka ji kamar daga bakin murhu ta fito. Wuta tun jiya babu, don haka kwalbar insulin, allurar ciwon sugan Mama, a ƙulle cikin leda ta kwana, a ƙaramin tulun da na ajiye gindin randa. Bakwai da kwata na soki ɗan yatsanta, na'urar awon suga ta nuna 7.4. Na mirza kwalbar a tafin hannu har ruwan ya gauraya ya yi fari, na yi mata allura, na jira rabin awa kamar yadda aka koya mana a asibiti, sannan na kawo koko da ƙosai.

Ƙosai ɗaya ta ci. Ta kurɓi kokon sau uku ta ture kofin. Hankalinta duk yana gidan kakarta Hajiya, don ta ji ana suna a maƙwabta kuma 'yan uwanta sun taru. Na lallasa, na roƙa, na ɗan ɗaga murya. Shekararta huɗu, ba na son in riƙa yi mata ɗura har ta tsani abinci. Amma allurar da ta shiga jiki ta shiga, ba ta jiran ra'ayin yaro. Na san haka sarai, kuma duk da haka na ɗauke ta muka tafi. Na bar biredi a leda na ce a ba ta ƙarfe goma, na wuce kasuwa. Cikin hidimar suna, ledar tana nan kan taga inda na ajiye ta.

Sha ɗaya saura na dawo. Tun daga zaure na ji kukan, ba irin kukanta ba ne, wani siriri mai ja. Na tarar da ita a cinyar Hajiya, rigarta sharkaf da gumi, jikin kuma sanyi ƙalau a wannan zafin. Leɓenta ya yi fari, hannunta na karkarwa, idonta a buɗe amma kamar ba ni take kallo ba. Hajiya na ta tofa mata addu'a, wata maƙwabciya ta kawo garwashi a kasko za a yi turare, wata na cewa bakin mutane ne, yarinya ta sha kwalliya a taro. Sun ce tun ɗazu ta fara rigima, ta ciji ɗan uwanta, ta yi tuntuɓe sau biyu a tsakar gida ba abin da ta taka.

Na zaro na'ura daga jaka. 3.1. Duk abin da ya sauka ƙasa da 3.9 an ce mana suga ya faɗi, ƙasa da 3.0 kuma an shiga haɗari sosai. Na kira sunanta, ta juyo, na ga tana iya haɗiye yawu. Na jefa ƙwayar suga cikin ɗan ruwa a murfin kofi na dama da yatsa.

Hajiya ta riƙe mini hannu. "Ke 'yar nan, kanki ɗaya? Suga za ki ba mai ciwon suga?"

"Hajiya, ku yi haƙuri, yanzu shi ne maganin. Don Allah ku sakar mini."

Ban taɓa yi mata magana da wannan muryar ba tunda aka kawo ni gidansu. Ta saki.

Likita ya lissafa mana tun tuni: giram 0.3 na suga ga kowane kilo na nauyin yaro. Mama kilo 16 ce, wato wajen giram 5, ƙwaya ɗaya ko cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗori. Sai a jira minti 15 a sake awo. Wannan jiran ya fi komai wuya. Mata sun kewaye mu, wannan ta miƙo fura da nono, waccan ta ce ga cakulan a jakarta. Na gode musu na ƙi karɓa, domin abin da ke da maiƙo yana jinkirta shigar suga cikin jini, mu kuma sauri muke nema. Awo na biyu 3.6. Na ƙara wata ƙwayar. Awo na uku 5.3, kuma kafin ma in duba na ga ɗiyata ta dawo cikin idonta. Ta ce, "Umma, waina nake so." Ta ci biyu da biredin nan na kan taga, don sugan da aka jiƙa ba ya daɗewa, sai an bi shi da abinci mai riƙe ciki.

Da azahar, bayan mutane sun ragu, Hajiya ta kira ni ɗaki. Idonta ya yi ja. Ta ce anya ba allurar nan ce ke kayar mata da kishiya ba, ko a ɗan dakata a gwada na gargajiya? Na ce mata jikin Mama ba ya yin insulin ko kaɗan, irin ciwonta daban yake da na manya masu shan ƙwaya. Kafin 1922, lokacin da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 wannan allurar a Toronto ta ƙasar Kanada, yaran da suka kamu ba sa daɗewa a duniya. Abin da ya faru yau, allura ta samu ciki ba abinci, ga guje-guje tun safe, ga zafin da ke sa ta saurin bin jiki.

A nan na gane rabin karatu muka ba dangi. Shekara biyu muna nanata musu kada a ba ta alawa, kada a ba ta lemon kwalba, har Hajiya ta daina ajiye mazarƙwaila a ɗakinta saboda jikarta. Ta riƙe abin da muka faɗa da gaskiya. Ɗaya rabin, mai saurin kisa, ni da Abbanta muka bar wa kanmu, kamar kullum muna tare da ita.

Don haka na zauna na faɗa mata duka. Gumi mai sanyi, rawar hannu, rigimar da ba dalili, yunwa ta farat ɗaya, tangaɗi ko barcin da ba lokacinsa ba: a ba ta suga ko zuma nan take, ko ba na'ura a kusa, a kira ni daga baya. In kuwa ta suma ko tana jijjiga, kada a zuba mata komai a baki, ko ruwan rubutu, don zai iya wucewa huhu. A kwantar da ita a gefenta, a tari napep sai asibiti, can za a sa mata gulukos ta jijiya. Akwai wata allurar gaggawa, gulukagon, amma mu ba mu da ita a gida.

Hajiya ta sa na maimaita sau biyu. Sannan ta ce in ba ta ƙwaya huɗu. Ta naɗe su a 'yar leda, ta kwance bakin mayafinta inda take ƙulle goro, ta ɗaure su tare. Ta ce gobe in je da ita wajen malamar Islamiyya, da bakinta za ta yi mata bayani.

Abbanta ya kira likita da yamma. Ya ce kada mu taɓa yawan allurar da kanmu, mu rubuta komai a littafi mu zo da shi ranar asibiti, kuma mu auna ta cikin dare, domin wasan rana yakan ci gaba da jan suga ƙasa har yaro yana barci. Kafin ta kwanta 6.9, na ba ta rabin kofin madara da yankan biredi. Takardun awo tara suka rage a gwangwani, sai Litinin za a sayo wasu. Na saita waya ƙarfe biyu, na ajiye tocila da suga a gefen filo.