Lahadi, a gidan Yaya

Da asuba sanyi ya sauko sosai, hazo ya rufe har katangar masallaci. Aka kawo wuta ƙarfe shida, na yi guga, na cika tanki, aka soya ƙosai. Ranar ta fara da daɗi.

Wajen sha ɗaya Yaya ya kira, wai in zo da kwamfutata. Na same shi a zaure, rautar gidan, na'urar da ke raba intanet ta wayafai (Wi-Fi), a kan cinyarsa ya cire ta daga soket. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "So nake ka toshe wa Abba intanet." Abba ɗansa da ke aji biyu a jami'a, shekara sha tara, ya zo hutun sati biyu. Ashe dubu tamanin da biyar ɗin da aka tura masa na rajista sun tafi a cacar ƙwallo. Umman su ce ta gani a saƙonnin banki.

Na ce, "Yaya, wanda za a iya yi a gidan nan zan yi yanzu, amma bari in nuna maka iyakarsa."

Aikin rauta ba shi da wuya. Ka haɗa da wayafai ɗin, ka buga adireshin da ke manne a bayanta, tasu 192.168.0.1 ce, wasu kuma 192.168.8.1. Farko sai a canja kalmar sirrin shiga, domin tasu har yau admin ce tun daga kanti, kuma duk tacewar da aka sa a kan wannan, yaro ɗan firamare ma zai cire. Daga nan wurin DNS, wato mai nemo wa waya adireshin shafi idan ta ba shi sunan shafin, a goge abin da ke ciki a sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 na Cloudflare. Waɗannan suna tare shafukan batsa da masu ɗauke da cutar kwamfuta. Minti biyar na gama. Wasu ƙananan MiFi da kamfanonin layi ke sayarwa ba su da wannan gurbin ma, an yi sa'a tasu tana da shi.

Sai dai lambobin nan ba don caca aka yi su ba. Mai son tare caca sai ya buɗe asusu a kamfanin tace DNS irin su NextDNS, ya zaɓi rukunin caca da kansa, ya kuma kunna wurin da ke tare hanyoyin kaucewa. Kyautarsu tambaya 300,000 ce a wata (duk sunan shafin da waya ta nema tambaya ɗaya ce), gida mai waya takwas zai iya cinye ta kafin wata ya mutu, kuma idan ta ƙare intanet ba ya tsayawa, tacewar ce take tsayawa shiru ba wanda ya sani. Ga kuma abin da mutane ba su cika ganewa ba: DNS sunan shafi kawai yake gani. Ko ya rufe TikTok ko Telegram gaba ɗaya, ko ya bar su gaba ɗaya. Abin da ke yawo a cikinsu ba ya ganinsa.

Yaya ya ce to ai an gama. Na ce, "Ina Abba zai kwana ranar Litinin ta sama?" Ya yi shiru. Rauta tana zaure a nan, shi kuwa yana hostal da layi biyu a wayarsa. Ko a cikin gidan ma, ya kashe wayafai ya kunna datarsa, ya fita daga hannunmu. In ya ga dama ya soka tsinke a ramin da ke bayan rautar na daƙiƙa goma, komai ya koma yadda ya zo daga kanti. Ba a ma maganar VPN, manhajar da ke zagaye toshewa. Tun lokacin da gwamnati ta rufe Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, samarin ƙasar nan suka ƙware a kanta. Abin da gwamnati da kamfanonin layi suka kasa riƙewa wata bakwai, ba ni da Yaya za mu riƙe shi ba.

A kan wayar kanta akwai Private DNS, daga Android 9 zuwa sama. Ka rubuta family.cloudflare-dns.com, ko sunan da NextDNS ya ba ka, zai yi aiki a wayafai da data duka. Amma ba shi da makulli, mai wayar zai kashe shi da taɓawa uku. Family Link na Google kuwa don yaran da ba su kai sha takwas ba aka yi shi. Ga ƙannen Abba, su Auta da 'yan biyu, yana da amfani ƙwarai, kuma na sa musu a tablet ɗinsu kafin in tafi, awa ɗaya da rabi a rana, ya kulle ƙarfe tara na dare.

Nan ne Yaya ya rage murya ya faɗi abin da ya kira ni a kansa. Wai an ba shi labarin manhajar da ake ɓoyewa a waya, uba ya riƙa karanta duk saƙon da ya shiga ya fita. In karɓi wayar Abba da sunan gyara in sa masa.

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wannan ba zan yi ba."

Ya kalle ni irin kallon da ya daɗe bai yi min ba. Na yi masa bayanin da zan iya. Irin waɗannan manhajojin sai an kashe Play Protect, mai gadin wayar Android, kafin su zauna, sai an ba su izinin ganin duk abin da ke kan allo, kuma saƙonnin ba wayar Yaya suke zuwa kai tsaye ba, sai sun bi ta rumbun wani kamfani da ba mu san inda yake ba, har da lambobin sirrin da banki ke turo wa yaron. Suna shan batir, waya ta riƙa zafi, cikin sati zai gano. Ranar da ya gano kuwa zai sayi wata wayar ta hannu, kuma ba zai sake miƙo wa Baffansa waya ba. Ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane ta zo min baki, na haɗiye, don ba ni zan karanta wa Yaya ita ba.

Abin da na ba shi shawara a kai shi ne kuɗi, don a nan ne hannunsa yake kaiwa. Kuɗin rajista kada ya ƙara bi ta asusun Abba. Ya fitar da lambar biyan kuɗi ta Remita, wato RRR, ya turo, Yaya ya biya da kansa ya riƙe rasit. Kuɗin kashewa a riƙa turawa duk Juma'a na sati guda, a daina na zango gaba ɗaya. Sannan a zaunar da shi a tambaye shi ko akwai bashi, domin wanda ya kai ga taɓa kuɗin makaranta sau da yawa ya riga ya ranta a wani wuri. In ya yarda da bakinsa yana son dainawa, ya rufe asusun cacar a gabanmu, in sa masa NextDNS da saninsa, in kashe wurin da ke ajiye tarihin shafuka don ya san ba leƙensa ake yi ba. Tacewar da mutum ya nema da kansa tana taimako, ko ba komai tana tsayar da hannu ƙarfe biyun dare.

Yaya ya ce, "Kai ba ka da ɗa a jami'a tukuna." Gaskiya ne, kuma ta zauna min a rai. Shi ya sayar da buhun masara kafin ya haɗa kuɗin nan.

Abba ya shigo da faranti lokacin da nake mayar da rautar. Ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa a kan allon kwamfutar, lambobin suna nan a buɗe. Ya gane su, na ga ya gane. Bai ce komai ba, ya ajiye abincin ya fita. Ya rame.

Na biya ta wurin mai faci, ƙafar baya ta sake sacewa. La'asar a hanya. Auta ta yi fushi da ni saboda awa ɗaya da rabi.

Bayan isha'i Yaya ya turo saƙo: "Ka sake tunani kan maganar nan." Ban ba shi amsa ba. Lambar Abba na buɗe sau biyu ina rufewa, don ban san ko in kira shi kafin ubansa ya yi masa magana ba, ko in jira.